Iskar Damargu da Hasken da Ido Ba Ya Gani

Wanda ya tashi a Damargu ba sai an gaya masa cewa iska ba fanko ba ce. Da bazara, idan rana ta take, ka tsaya a bakin hanyar da ta taso daga Zinder ta ratsa Tanut ta miƙe Agadas, za ka hangi ruwa kwance can gaba, fari fat, har da inuwar itatuwa a cikinsa. Raƙuman da ke tafe daga nesa sai ka ga ƙafafunsu sun yanke, jikinsu na lilo a sama. Kawalwalniya ke nan, wadda kakata ke yi mana kashedi kada mu kuskura mu bi ta. Da hunturu kuma hazo ya sauko, rana ta dushe har ka iya kallonta ido da ido, in dare ya yi ka kunna tocila ka ga hanyar haskenta a fili cikin ƙura.

Ni ɗan ƙasar nan ne. Na yi lakwal da kwaleji a zamanin Seyni Kountché, daga baya na riƙe alli ina koyar da fizik har ƙarfi ya fara ja baya. Tun da na ajiye aiki nake bibiyar wani reshe na ilimin haske da ban taɓa samun damar koyarwa ba: yadda ake harba leza mai tsananin ƙarfi, irin wadda ido ba ya gani, cikin siririn bututu da aka cika da iskar gas, da abin da ke faruwa a cikin bututun. Ana yin aikin ne a Milan da Viyana da Kolorado. Amma duk lokacin da na karanta wani abu a kai, gida nake tunawa, domin tambayoyin da masanan ke kokawa da su a bakin rijiya na fara jin su.

Gidan kawuna yana can wajen Balbeji, cikin ƙasar Tarka, a lokacin ma Balbeji ba ta zama gunduma mai cin gashin kanta ba, sai a 2011 aka cire ta daga Tanut. Can ake tura ni hutu idan an gama girbin gero. Rijiyarsu irin ta Damargu ce, wadda in ka leƙa duhu kawai za ka gani. Sa ko raƙumi ke jan igiya, yaro na kora shi har ya yi nisa kafin wasaki ya leƙo baki. Wata safiya igiya ta tsinke, wasaki ya koma ƙasa da ruwansa. Aka yi cirko-cirko. Kawu bai ce uffan ba, ya aika gida aka karɓo madubin matarsa, ɗan ƙarami mai bakin gwangwani, ya jira rana ta ɗan ɗaga. Sannan ya durƙusa a bakin rijiyar, ya tari rana da madubin, ya karkata shi a hankali har haske ya faɗa ramin. Na kwanta rub da ciki kusa da shi. Na ga hasken yana sauka, ƙurar da ke shawagi a ciki tana ƙyalli, ya wuce gurbin da tantabaru suka yi sheƙa, ya wuce inda ginin ya ƙare, har can ƙasa wani abu ya yi walƙiya: ruwa ne, ga wasakin a gefensa ya yi rabin nutsewa. Da wannan haske aka zura ƙugiya aka kamo shi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, hasken da ya bar madubi bai fi tafin hannu ba, amma a ƙasa ya baje ya yi laushi. Na ce, "Kawu, shi ma haske gajiya yake yi?" Ya ce, "A'a ɗana, watsewa yake. Da da abin da zai riƙe shi wuri ɗaya, da ka ga yashin gindin rijiyar nan ƙwaya-ƙwaya." Kawu bai taɓa zama a aji ba, Allah ya jiƙansa. Amma abin da ya faɗa shi ne ainihin dalilin da ya sa ake ƙera bututun da zan yi magana a kai.

Wanda ya fara nuna mini cewa ana iya riƙe haske wani malaminmu ne na kwaleji. Mushe kawai muke ce masa. Shekarar 1984 ce, shekarar fari, rabin ajinmu sun bi iyayensu kudu, rumbuna sun zama kango. Makarantar ba ta da ɗakin gwaji, ko gilashin awo ɗaya babu. Ran nan ya sa aka toshe tagogi da tabarmi da rigunanmu, ya fito da babban gwangwanin madara da ya huda a gindi da ƙusa, ya cika shi da ruwa yana toshe hudar da yatsa. Ya cusa tocila ta sama ya rufe da hularsa, ya ce, "To yarana, ku dubi inda ruwan zai sauka." Ya janye yatsa. Ruwa ya fito ya lanƙwasa zuwa ƙasa, haske ya bi shi ya lanƙwasa, ya je ya yi ɗigo mai sheƙi a cikin kwanon da ya tara. Wani daga baya ya yi salati da ƙarfi. Da aka gama, Mushe ya ɗauki kwanon da hannu biyu ya mayar da ruwan cikin randa, bai bari ko ɗigo ya zube ba. Har yau idan na ji ana maganar wayar gilashi mai ɗauke da intanet, wannan kwanon nake gani, don hikimar ɗaya ce: haske na bugun bango ta ciki yana komowa, bai samun ƙofar fita sai a ƙarshe.

Mushe ne kuma ya warware mana kawalwalniya. Ƙasa ta yi zafi, iskar da ke manne da ita ta yi zafi ta saki jiki, haske kuwa ya fi sauri a sakakkiyar iska. Saboda haka hasken da ya taso daga sama ya nufo ƙasa a karkace sai ya lanƙwashe ya komo idonka, ka ga sararin samaniya shimfiɗe a kan hanya ka ɗauka ruwa ne. A bakinsa muka fara jin sunan Ibnul Haisam, wanda ya rubuta Kitabul Manazir a Masar shekara kusan dubu da suka wuce, da sunan Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa a 1929, wanda a lokacin yake jagorantar ofishin makamashin rana na ONERSOL a Yamai, yana aiki da madubai masu tattara hasken rana. Mushe kan ce mana, "Ɗan Tasawa ne fa, nan kusa da ku." Abdou Moumouni ya rasu a 1991, jami'ar Yamai kuma sunansa take ɗauke da shi tun 1992.

Duk wannan ilimi da aka ba mu a kan ƙa'ida ɗaya yake tsaye: iska da ruwa da gilashi su ke sarrafa haske, shi nasa bi ne. Ka kunna tocila biyu ka sami ninkin hasken ɗaya, launi bai sake ba, iskar ma tana nan yadda take. Ƙa'idar gaskiya ce matuƙar hasken mai rauni ne, kuma duk hasken da ɗan Adam ya sani kafin 1960, har da ranar bazara, mai rauni ne a wannan ma'auni. A watan Mayun 1960 Theodore Maiman ya kunna leza ta farko a Kalifoniya. Shekara ɗaya bayan haka Peter Franken da abokan aikinsa a jami'ar Mishigan suka harba jar leza cikin wani farin dutse mai sheƙi, sai ga wani launi dabam ya fito tare da ja, mai rabin tsawon zangonsa. Daga nan aka gane cewa idan haske ya kai wani matsayi na ƙarfi, shi ma yana sarrafa abin da yake ratsawa. Mutum ɗaya ya ratsa jigawa, kafin la'asar iska ta share sawunsa. Amma garke ya nufi rijiya, fasa hanya yake yi, hanyar da na gaba suka fasa kuma ita za ta ja na baya. Haka haske mai ƙarfi yake yi wa iska.

Zancen zango ba baƙo ba ne ga wanda ya girma kusa da rediyo. Babana na da wata mai rigar fata, da asuba yana murɗa ta tsakanin mita 19 da 25 da 31 yana neman London. Waɗannan mitoci tsawon zangon igiyar rediyo ne, haske kuwa ɗan gidansu ne, sai dai nasa zangon ƙanƙane ne ƙwarai. Raba milimita gida 1,000, kashi ɗaya shi ne maikiromita. Idonmu na gani daga wajen 0.4, wato shuɗi mai duhu, zuwa wajen 0.7, wato ja. Bayan ja akwai haske, ido ne dai bai kai ba. William Herschel ne ya gano shi a Ingila a 1800, da ya raba hasken rana da gilashi mai kusurwa uku ya ɗora ma'aunin zafi a gaba da inda ja ya ƙare, ya ga ya hau. Shi ake kira infirared, hasken ƙasan ja. Jikinka na fitar da shi a wajen maikiromita 10. Shi ne yashi ke saki da dare, kuma da yake iskar hunturu busasshiya ce ba ta tare shi, shi ya sa daren Tanut ke sa mutum neman bargo bayan rana ta gasa shi. Yankin da ya fara daga wajen maikiromita 3 ana ce masa na tsakiya, a nan maganarmu take.

Ƙarfin lezar ba daga yawan wuta yake zuwa ba, daga gajartar lokaci ne. Ana tara ɗan makamashi kaɗan a sake shi a bugu ɗaya da ake aunawa da femtosakan. Raba daƙiƙa gida miliyan, ka ɗauki kashi ɗaya ka sake raba shi gida biliyan, ka sami femtosakan ɗaya. Haske na cin kilomita 300,000 a daƙiƙa, amma a femtosakan 100 da ƙyar zai ƙetare kaurin gashin kai. Dabarar ƙarfafa irin wannan bugu ba tare da na'urar ta ƙone ba Donna Strickland da Gérard Mourou suka fito da ita a 1985, ta kai su ga kyautar Nobel a 2018. Da gajerun bugu irin waɗannan Ahmed Zewail ɗan Masar ya kalli yadda sinadarai ke haɗuwa suna rabuwa, ya karɓi tasa kyautar a 1999.

Irin wannan bugu ba a sa shi a wayar gilashi ta intanet. Zai fasa ta, kuma gilashin ma shanye hasken tsakiyar infirared yake yi. Sai aka koma bututu mai rami, bango gilashi, ciki gas. Bangon ya hana hasken watsewa, gas ɗin kuma ko an yi masa rauni yana warkewa kafin bugu na gaba. A 1996 Mauro Nisoli da Sandro De Silvestri da Orazio Svelto a Milan suka nuna cewa da bututu mai gas ana iya gajarta bugu mai ƙarfi zuwa wajen femtosakan 10.

Abin da ke faruwa a cikin ramin nan shi ya fi ɗaukar hankalina, kuma a nan nake so mai karatu ya ɗan yi haƙuri da ni. Tsakiyar bugun ta fi gefensa ƙarfi. Inda ya fi ƙarfi, gas na ƙara rage masa sauri, sai gefen ya karkato ciki, hasken ya tsuke kansa da kansa. Yana tsukewa yana ƙara ƙarfi, yana ƙara ƙarfi yana ƙara tsukewa. Haka kuma a tsawonsa: goshin bugun na karkata zuwa dogon zango, wutsiyarsa zuwa gajere, sai launi ɗaya ya haifi launuka masu yawa. Da za a bar shi haka da ya ruguje. Amma idan ƙarfin ya kai inda ya kai, sai ya fara fizge elektiron daga ƙwayoyin zarrar gas ɗin, waɗannan sakakkun elektiron kuwa akasin aikin farko suke yi, suna tura hasken waje. Ɗaya na tsukewa, ɗaya na buɗewa, bango na tsarewa. Idan aka daidaita ukun, bugun zai yi tafiya a dunƙule. Abin da mai gwaji ke riƙe da shi a hannu famfon gas ne kawai: ya ƙara matsi, ya rage, yana kallon abin da ke fitowa a ɗaya bakin. Wannan sauƙin na burge ni ƙwarai.

Sai babban abin. Igiyar haske kai da komo take yi. Ta fizgi elektiron ta yi gaba da shi, kafin ya yi nisa ta juya ta maido shi da gudu ya afka wa ƙwayar zarrar da ya baro, duk ƙarfin da ya tara a hanya ya fita a matsayin haske mai gajeren zango ƙwarai. An fara ganin haka a gas a 1987 da 1988, Anne L'Huillier na cikin waɗanda suka gani a Faransa, Paul Corkum kuma ya bayyana matakan a 1993. A nan tsakiyar infirared ta yi zarra. Idan zango ya yi tsawo, elektiron na samun lokaci mai yawa na tara gudu, ƙarfin kuma ba ninki ɗaya yake hawa ba: ka ninka zango sau biyu, ƙarfi ya ninku sau huɗu. Daga maikiromita 0.8 da aka saba zuwa 3.9, ya haura sau 20. Sai dai akwai farashi. Elektiron da ya yi nisa ba kasafai yake samun gidansa ba a dawowa, don haka kowace ƙwayar zarra ɗan kaɗan take bayarwa. Maganin shi ne a cusa gas da yawa, kuma a daidaita matsi yadda hasken da ya shiga da wanda aka haifa za su jera kafaɗa da kafaɗa, abin da kowace ƙwaya ta bayar ya hau kan na 'yar'uwarta maimakon ya soke shi.

A 2012 aka buga sakamakon da ya haɗa duk wannan. Tenio Popmintchev da Margaret Murnane da Henry Kapteyn na Kolorado, tare da ƙungiyar Andrius Baltuška ta Viyana, suka harba bugu mai zangon maikiromita 3.9 cikin bututun da raminsa bai kai rabin milimita ba, cike da gas ɗin hiliyam da aka matse ya ninka matsin iskar da muke shaƙa sau gommai. Abin da ya fito eksire ne, dangin hasken da asibiti ke ɗaukar hoton ƙashi da shi, a miƙe tsaf irin na leza. Ƙwayoyin haske sama da 5,000 na infirared ke haɗuwa su ba da ɗaya ta eksire. Kafin nan, mai son eksire mai tsari irin wannan sai ya nemi layi a manyan na'urori, irin ta Grenoble a Faransa wadda kewayenta mita 844 ne, kuma nahiyar Afirka ba ta da ko ɗaya. Ga shi an same shi a kan teburin ɗakin gwaji. Bai kai na babbar na'ura yawa ba, gaskiya, amma ya buɗe ƙofa ga jami'ar da ba ta da dukiyar gina waccan. Kyautar Nobel ta 2023 da aka ba Pierre Agostini da Ferenc Krausz da Anne L'Huillier daga wannan gida ta fito.

Na san wani zai ce, ina ruwan manomin Gangara ko makiyayin Tarka da hiliyam a bututu? Tambaya ce mai nauyi, ban raina ta ba. Amsata ita ce gas iri-iri da yawa na da zangon da suke shanyewa a tsakiyar infirared: gas ɗin mitan, wanda ke fita daga rijiyar mai da cikin shanu, a wajen maikiromita 3.3, iskar kabon da wuta ke fitarwa a wajen 4.3. Wanda ya mallaki wannan haske yana iya sanin abin da ke cikin iska tun hanci bai ji ba. Tun watan Nuwamban 2011 matatar mai ta SORAZ ke aiki a Bakin Birji, cikin ƙaramar hukumar Olelewa ta gundumar Tanut, da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana. Ƙasar da ke da matata da bututun mai tana bukatar 'ya'yanta da suka san awon iska, kuma na fi son mai awon ya zama ɗan da iyayensa ke shaƙar iskar. Ban da wannan ma, ban yarda cewa akwai ilimin da ya fi ƙarfin ɗan Damargu ba. Mutanen da suka haƙa waɗancan rijiyoyi da hannu, suka bi da ayari daga Jajiduna zuwa Kano da Ayar, ba za a ce jikokinsu ba su iya lissafi ba.

Abin da ke damuna shi ne, a makarantun da na koyar, har na bar aiki da alli nake zana gilashin tattara haske, yara na kwafa a littafi ba su taɓa riƙe shi ba. Na yi ta maimaita gwajin gwangwanin Mushe, kuma ko yaushe sai an sami yaro ko yarinya da idonsu ya buɗe yadda namu ya buɗe. Yau Zinder na da jami'arta, Dakar na da cibiyar masana leza ta Afirka da Ahmadou Wagué ya jagoranta tun 1991, an kuma kafa wata cibiyar leza ta nahiyar a Afirka ta Kudu a 2003. Hanyar tana nan, farkonta ne babu.

Don haka nake kira ga shugabannin ƙananan hukumomin Tanut da Tarka da Gangara da Olelewa da Falanko da Tanhiya, da 'yan Damargu da Allah ya buɗa wa a Yamai da Kano da ƙetare. Ba na'urar Viyana nake roƙo ba. Akwati ɗaya ga kowace kwaleji: gilasai masu tattara haske, gilashi mai kusurwa uku, madubai, ma'aunin zafi, 'yar lezar nuni irin ta aljihu, da ɗan guntun wayar gilashi. Kuɗinsa bai kai na raƙumi ɗaya a kasuwar Tanut ba. Ku haɗa hannu ku saya, ku damƙa wa malaman fizik kafin a koma makaranta a watan Oktoba.